Tsohuwar da Na Ce Tana Kuka

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu ina zaman jiran aiki a gidanmu a Mubi, yayana ya sauya waya ya ba ni tsohuwar tasa. Wayar tana da kyamara mai kyau, kuma daga ranar da ta shigo hannuna na naɗa kaina mai ɗaukar hoto. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya roƙe ni. Da safe in fita in ɗauki duwatsu, in ɗauki masu wanki a bakin mayo, wato rafi, in ɗauki shanu ana loda su a mota, in dawo in zuba a shafina da 'yar magana mai kama da hikima a ƙasa. Mutane suka fara cewa ina da ido. To, mutumin da ba shi da aikin yi aka ce masa yana da ido, ai sai abin da Allah ya yi. Har tafiyata sai da ta sauya.

Dokata a lokacin guda ɗaya ce: kada mutum ya san ana ɗaukarsa. Wani wuri na tsinci maganar cewa da zarar mutum ya sani sai ya gyara fuska, hoton ya mutu. Saboda haka na ƙware a dabaru. In kara waya a kunne kamar ina magana, in ɗan juya in danna. In tsaya kamar ina karanta saƙo, alhali kyamara tana kan mai nama. Ban taɓa ganin laifi a ciki ba. Kasuwa ai ta kowa ce, haka nake gaya wa kaina, wanda ya fito fili ya yarda a gan shi.

Wata ranar kasuwa da sassafe, wajen ƙarshen damina, mahaifiyata ta aike ni sayen kayan miya. Na bi ta layin matan da ke saukowa daga ƙauyukan duwatsu da ganye da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa. A can ƙarshen layin na ga wata tsohuwa zaune a kan buhu, ga farantin daddawar batso a gabanta. Zaninta ya koɗe, rigarta ta yage a kafaɗa, ƙafarta ba takalmi. Kanta a sunkuye, idonta a rufe, ta dafe goshi da hannu ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Rana ta fara fitowa, hasken ya faɗo mata a gefen fuska. Na raɓe a bayan wata rumfa na danna. Na ƙara tsayawa kaɗan na ɗauki wasu bayan ta ɗago kai ta shiga harkarta, amma ni na farkon nan nake so.

Ina isa gida na ɗora shi. A ƙasa na rubuta: "Wannan uwar wani ce. Da sassafe, ba takalmi, tana kuka a kasuwar Mubi. Ina 'ya'yanta suke? Allah ka ba mu ikon jin ƙan iyayenmu." Ku lura fa, ban ga hawaye ba. Ban yi mata magana ba. Ko daddawarta ban saya ba.

Hoton ya tashi kamar wutar daji. Wannan ya tura, wancan ya tura, har mutanen da ba su taɓa taka Adamawa ba. Sharhi kuwa kusan duk iri ɗaya ne: tsinuwa ga 'ya'yanta. Wasu suna tambayar yadda za su aika mata taimako, wasu suna ce mini Allah ya saka da alheri, na yi jihadi. Ni kuwa ina kwance ina karantawa ina murmushi, tuwo yana hucewa a gefena. Gaskiya na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana huɗu da yin haka, da hantsi, na ji sallama a tsakar gida, can kuma na ji mahaifiyata tana kirana da cikakken sunana. Duk ranar da ta haɗa sunan nan gaba ɗaya, to akwai magana. Na fito na tarar da ita a kan tabarma tare da wata baƙuwa, dattijuwa tsaf da ita, zani mai kyau, ɗankwali a ɗaure, takalmanta a jere a bakin tabarma, tana shan kunu. Na durƙusa na gaishe ta, ban gane ta ba.

Baƙuwar ta ajiye kofi ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ne mai hoto?"

A nan na sha jinin jikina. Na ce, "Ni ne, Mama."

"Ka ce ina kuka. Ka ga hawaye?"

Na ce, "Ban gani ba, Mama."

Ta ce, "Addu'a ne nake yi, yaro na. Kullum kafin in buɗe kaya sai na gaya wa Ubangiji na zo. Zani kuma, wa ke zaman daddawa da zani mai kyau? Wari zai kama shi, ka shiga coci mutane su matsa maka. Takalmi yana ƙarƙashin buhu, ina zaune a kai, ƙafa yana shan iska."

Mahaifiyata ta ce, "Kai da ka tashi da maƙwabta Kirista, ka ci abincin Kirsimetinsu tun ba ka da haƙori, ba ka san yadda suke sunkuyawa su yi addu'a ba?"

Na sani mana. Sau nawa na ga maman abokina ta dafe goshi haka kafin ta sa hannu a abinci. Labari nake nema a ranar, kuma addu'a ba za ta ba ni labarin da kuka zai ba ni ba. Abin da ya ƙara kashe ni da kunya, ashe mahaifiyata tsohuwar mai sayen daddawarta ce. Miyar da nake sha tun ina firamare, da daddawar matar nan ake yin ta. Ta haka ma ta gano gidanmu, don wata a layinsu ta ga sunana a kan hoton ta ce ai ɗan gidan wance ne. A Mubi mutum ba ya ɓacewa.

Na fara ba da haƙuri, na ce yanzu-yanzu zan goge. Ta ce, "Goge. Amma wanda ya gani fa, za ka goge idon shi?"

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana da ɗa guda, yana aiki a Abuja. Shi ya gina mata gida a ƙauyensu bayan Gella, ba abin da ta nema ta rasa. Shekara biyu kafin nan gwiwa ta matsa mata, ya zo ya ɗauke ta, ta yi wata uku a wurinsa. Ta ce, "Gida a sama, ƙofa a kulle. Ba akuya, ba maƙwabci. Ni da talabijin muna kallon juna. Na rame." Da ƙyar ya yarda ta dawo, da sharaɗin ta bar zuwa kasuwa har abada. Ta ce ta yarda. Ta kalli mahaifiyata ta ƙara da cewa, "Da baki." Shekara biyu tana zuwa kasuwarta, ƙauye ya rufa mata asiri, matan layinsu sun rufa, direbobin Gella sun rufa. Sai ga ni da wayar yayana.

Hoton ya faɗa guruf ɗin 'yan garinsu, wani ya rubuta sunan ɗan a ƙasa. Ɗan ya kira ta ya ce ta haɗa kaya, ranar Asabar yana zuwa da mota, kuma wannan karon ba dawowa.

Ta ce, "Gyaɗa na saura sati biyu a cire. Kabarin miji na yana can bayan gida. In na tafi wancan bene, gawa na ne zai dawo." Ba ta ɗaga murya ba, ta faɗe shi ne kamar tana faɗin farashin kuɓewa. Ta miƙe ta sa takalmi. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Asabar ka zo."

Bayan ta tafi na zauna ina jiran faɗa. Mahaifiyata ta tattara kofuna, tambaya ɗaya kawai ta yi mini: "Ko gaisuwa ka yi mata ranar?" Na ce a'a. Ta ce, "Da ka ce ina kwana, da duk wannan ka ji shi a tsaye." Ta shige ɗaki. Na gwammace ta mare ni.

Na goge hoton a ranar, ko da yake ya riga ya yi nisa. Ranar Asabar mahaifiyata ta ƙulla mini sabulu da sukari a leda, ta ce ba a zuwa ban haƙuri hannu na dukan cinya. Na shiga ƙaramar bas ta Gella, an matse ni tsakanin buhun taki da wani dattijo mai zakara a cinya. Duk hanya ina tsara jawabi a raina, ina warwarewa. Daga Gella na taka da ƙafa, ina tambayar gidan mai daddawa. Duk wanda na tambaya sai ya dube ni da kyau kafin ya nuna, na san labari ya riga ni isowa.

Gidan matar da na ce ba ta da takalmi, rufin kwano ne, rumbu uku a tsakar gida, awaki suna ta kai da komo, ga ƙatuwar bishiyar mangwaro. Mota tana tsaye a ƙofa. A bakin ɗaki akwai manyan jakunkuna biyu a ɗaure. Daga baya na ji ɗan ne ya haɗa su, ita ko tsinke ba ta ɗaga ba. Yana zaune a ƙarƙashin mangwaron, mutum ne da ya kai hamsin, da tabarau da furfura jefi-jefi. Ita kuma tana gefe tana ɓarar wake kamar ba da ita ake ba.

Na yi sallama, na durƙusa. Ya amsa, ya nuna mini benci. Ya bari na zauna, sannan ya ce, "Kai ne ka tambaya ina 'ya'yanta suke? To, ga ni."

Jawabin da na tsara a mota duk ya gudu. Ya ciro wayarsa ya riƙa karanta mini abin da mutane suka rubuta a kansa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba fushi a muryarsa, kuma hakan ya fi zafi. Wani ya ce Allah ya sa 'ya'yansa su yi masa abin da ya fi haka. Wata ta ce irinsu ne ke hawa manyan motoci uwarsu tana bara. Ya ce, "Fastonmu ya kira ni. Abokan aikina sun gani. 'Yata ita ta fara nuna mini, ta ce Baba wannan ba Kaka ba ce? Ka san ni? Na taɓa yi maka wani abu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san ka ba, ita ma ban san ta ba. Abin da na rubuta ƙarya ne, daga kaina na ƙago shi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Zagin na yafe. Har ma in gode maka, don ka nuna mini abin da gari guda yake ɓoye mini. Gobe bayan coci za mu tafi."

Ashe ban haƙurin da na ɗauko bai taɓa ainihin maganar ba. Ni an yafe mini, ita kuma za a tafi da ita. Na saci kallonta, hannunta ya tsaya a cikin waken.

Can na tuna da sauran hotunan da na ɗauka a safiyar nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wasu hotunan, da za ka gani..." Har na ciro waya zan miƙa masa, sai na ankara laifin jiya zan sake. Na juya wajenta na ce, "Mama, na ɗauki wasu ban gaya miki ba. In nuna masa?"

Ta ce, "Au, akwai kuma? Ɓarawo bai kawo kaya duka ba. Kawo in gani tukuna."

Ta goge hannu a zani, ta riƙe wayar can nesa da fuska, ni ina matsa mata. "Wannan goge, baki na a buɗe kamar kifi. Wannan ma goge, ina sosa kai." Ina gogewa a gabanta. A ƙarshe ta bar uku. A ɗaya tana dariya da maƙwabciyarta mai gyaɗa har ɗankwali ya zame. A ɗaya tana ƙara wa wata mai ciki gyara, yatsa a sama, da gani faɗa take yi mata. A na ukun su huɗu ne tsofaffi, sun haɗa kai a kan ƙwaryar kunu guda. Da hannunta ta miƙa wa ɗanta wayar. Ta ce, "Ga asibiti na."

Ya gyara tabarau. Ya daɗe a kan na ukun. Ya ce, "Wannan ba matar marigayi kawu ba ce? Tana nan da ranta?" Daga nan suka juya zuwa yarensu, ban ƙara gane ko kalma ba. Murya ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Ya nuna gwiwarta, ita ta nuna gona, ta nuna bayan gida. Can sai ta miƙe ta zagaya bishiyar mangwaro sau biyu tana buga ƙafa kamar soja, awaki suka watse. Dariya ta ƙwace masa. Ya cire tabarau ya goge ido, ya juyo ya ce mini da Hausa, "Wata uku tana gidana, ban ga haƙoranta ba ko sau ɗaya."

Sun daidaita kafin la'asar. Kasuwa sau ɗaya a mako, direba ya sauke ta a bakin layinsu, ta daina zama a ƙasa za a yi mata kujera, kuma duk lokacin da likita ya ce a kawo gwiwa za ta kai. Ta ce ta yarda. Ko da baki ne ko har zuci, ban tambaya ba. Shi da kansa ya kwance jakunkunan ya mayar da su ɗaki. Na ji wani irin sanyi a raina da ban taɓa ji ba a duk yabon da aka yi wa hotunana.

Ina shirin sallama ta ce, "Ina za ka? Yanzu ka ɗauke ni da kyau." Ta shige ɗaki, ta daɗe har na fara tunanin ta manta da mu. Ta fito cikin zanin zumuntar mata na cocinsu, da takalmi mai sheƙi, da jaka a hannu. Ta tsaya a gaban babban rumbun, ta jawo ɗanta gefenta, ta ƙame, ta ɗaure fuska tamau. Daidai irin hoton da dokata ta ce matacce ne. Na ce, "Mama, ɗan yi murmushi." Ta ce, "Ba wasa muke yi ba." Na danna. Ta duba, ta ce ya yi. Ita ta faɗa mini abin da zan rubuta a ƙasa: "Ba kuka nake yi ba. Ga yaro na." Na ƙara da nawa ban haƙurin, na karanta musu, suka ce in ɗora.

Waɗanda suka kula da wannan hoton ba su kai yatsun hannu biyu ba. Masu tsinuwar nan ba wanda ya dawo ya janye tasa. Wannan kam har yau yana damuna, don na san akwai mutanen da suka tafi da labarin farko, suna nan sun yarda akwai wani azzalumin ɗa a Abuja, kuma ni na ƙera musu shi.

Ban daina ɗaukar hoto ba, yanzu ma da shi nake ɗan samun na cefane. Dokar ce na sauya. In fuskar mutum nake so, sai na gaishe shi, in faɗa masa abin da nake so, in kuma ya yarda na ɗauka, in nuna masa. Na rasa hotuna masu kyau da yawa ta haka. Wasu su ce a'a kai tsaye. Wasu su tambaye ni, "Me za ka yi da shi?" kuma sau da yawa sai in ga ni ma ba ni da amsar kirki, in mayar da waya aljihu. A da ina ganin wanda ya fito kasuwa ya ba da kansa a kalla. Ashe ya yarda ne mutanen kasuwa su gan shi na wannan safiyar, waɗanda za su iya tsayawa su tambaye shi lafiya. Kowa da abin da ya baro a gida, kuma ba ka san wa ke rufa wa wa asiri ba.

Ita kuwa tana nan a ƙarshen layinsu. Gyaɗar shekarar nan ita ta cire abarta, har ta aiko mana da kwano guda. An yi kujerar kamar yadda aka yi alkawari, mai kyau har da majingina. Farantin daddawa ne ke zaune a kai, ita tana kan buhunta. Ɗanta ya sani, ya gaji ya haƙura.

Makon jiya na bi ta wajen da sassafe. Na tarar da ita kai a sunkuye, hannu a goshi, hasken nan ya faɗo mata a gefen fuska kamar ranar farko, ga waya a aljihuna da ta fi ta yayana nesa ba kusa ba. Na tsaya a gefe na jira har ta ce amin.

Ta ɗago ta gan ni. Ta ce, "Mai hoto. Yau ma ina kuka?"

Na ce, "A'a, Mama. Ina kwana?"

Muka gaisa, ta tambayi mahaifiyata, ta ƙulla mini daddawa ta ƙara gyara. Na ce ina so in ba mutane labarinmu, ko ta yarda. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Rubuta. Amma kar ka sa suna, kar ka sa hoto. Wanda yake so ya gan ni, ya zo ya sayi daddawa."

Shi ya sa kuka ga yau ban sa hoto ba.